Inda Nauyin Murya Yake Sauka a Fi'ilan Italiyanci

Malamar da ta fara koya mana Italiyanci a ajin yamma a Padova ba ta cika damuwa da allo ba. Zoben da ke yatsanta shi ne kayan aikinta. Idan ɗalibi ya furta fi'ili, sai ta ce ya sake, tana ƙwanƙwasa tebur da zoben, bugu ɗaya ga kowace gaɓa, bugu guda kuma ya fi sauran ƙarfi. Ban san darajar wannan ƙwanƙwasar ba sai ranar da na tsaya a tagar wani ofis ina so in gaya wa ma'aikaciyar cewa 'yan'uwana a Torino suke zaune. Kalmar ita ce abitano, wato "suna zaune". Haruffa bakwai ne, kuma babu wanda na kuskure a cikinsu, amma sai na ɗora nauyin muryata a kan "ta". Matar ta karkato kunne, na sake, ta ƙara karkatowa. A karo na uku ne ta gane, ta maimaita mini kalmar: ta danna "a" ɗin farko, sauran gaɓoɓi ukun suka gangaro da gudu kamar an kwance musu igiya. Tun daga ranar ba na haddace fi'ili sai na san inda nauyinsa yake.

Italiyawa suna kiran wannan nauyi accento. Kunnen Bahaushe ya saba da karin sauti, shi ne yake raba mana kukan yaro da kukar miya, don haka da mun ji baƙon harshe sai mu shiga neman inda murya ta hau da inda ta sauka. A Italiyanci ba hawa da sauka ba ne abin lura. A kowace kalma akwai gaɓa guda da ake dannawa, ta fi sauran ƙarfi, ta fi su daɗewa a baki. Matsalar kuwa ita ce rubutu ba ya nuna ta sai idan ita ce ta ƙarshe, kamar a parlò. A sauran wurare an bar ka da kunnenka. Saboda haka a nan zan riƙa rubuta gaɓar da ke ɗauke da nauyi da manyan haruffa, kamar A-bi-ta-no. Dabarar koyo ce kawai, ba haka ake rubuta harshen ba.

Sai ka iya raba gaɓoɓi kafin ka yi zancen nauyi, domin daga ƙarshen kalma ake ƙirgo wurinsa, kuma wanda ya ƙara gaɓa guda da babu ita, lissafinsa ya rushe. Yawancin ƙa'idojin ba su da wuya ga mai jin Hausa. Baƙi guda tsakanin wasula biyu yana bin wasalin gaba: a-ma-re, ve-de-re. Baƙi mai ruɓi ana raba shi biyu, ɗaya ya rufe gaɓar baya, ɗaya ya buɗe ta gaba: met-te-re, leg-ge-re, fac-cio, vor-rei. Haka ma cq, kamar a nac-que da piac-que. Idan l, r, m ko n suka zo kafin wani baƙi, a gaɓar baya suke tsayawa: par-la-re, can-ta-re, com-pra-re, vol-ta-re. Wannan duk tsarin bakinmu ne, kamar yadda muke cewa kar-ɓa ko tam-ba-ya.

A kan baƙi mai ruɓi ina so ka san cewa Hausa ta riga ta yi maka rabin aiki. Wanda ya san bambancin mana da manna, ko daba da dabba, ba zai sha wahalar da ɗaliban wasu ƙasashe suke sha a ajinmu ba. Kuma a fi'ili abin ba ado ba ne. CA-de "yana faɗuwa" ne, CAD-de "ya faɗi". BE-ve "yana sha", BEV-ve "ya sha". Ka lura da wani abu kuma: a CA-de, gaɓar buɗaɗɗiya ce kuma nauyi yana kanta, don haka wasalin yana da tsawo, kaade. A CAD-de gaɓar rufaffiya ce, wasalin gajere. Wannan ƙa'ida ce a harshen: wasali mai nauyi a buɗaɗɗiyar gaɓa yana tsawaita, muddin ba a ƙarshen kalma yake ba. Idan kana neman hanyar da za ka sa bakinka ya danna gaɓar da ta dace, ja wasalin kamar yadda kake ja a garin tuwo don ka bambanta shi da garin da ake zama. Ka ce amaare, vedeere, paago. Nauyin zai bi tsawon da kansa.

Inda muke tuntuɓe shi ne baƙaƙen da suke zuwa a jere ba tare da wasali a tsakaninsu ba. Hausa ba ta fara gaɓa da baƙi biyu, shi ya sa muka mayar da kalmomin aro furamare da burodi. Italiyanci kuwa yana haɗa baƙi da r ko l a gaɓa guda: a-pri-re, co-pri-re, a-vrò, po-trò, ve-drò, an-drò, sa-prei. Idan ka ce "apirire", ka mayar da gaɓa uku huɗu. Abin da ya taimake ni shi ne in fara ɗora harshe a wurin r tun kafin in saki baƙin farko, ta yadda babu sararin da wasali zai kutso.

Sai batun s da wani baƙi yake bi. Ƙa'idar makaranta ta ce s ɗin tana tafiya gaba: re-sta-re, a-spet-ta-re, ca-pi-sco, fi-ni-sco. Idan kana rubutu layi ya ƙare, haka za ka yanke kalmar, kada ka rubuta res-tare, malami zai ja maka jan biro. Amma ka saurari Ba'italiye yana magana, za ka ji wasalin da ke gaban s ɗin gajere ne, kamar s ɗin ta rufe gaɓar. Wato a baki res-to ne da fi-nis-ko, daidai da yadda muke cewa kas-ko. Masana furuci sun daɗe da lura da wannan saɓani tsakanin rubutu da baki, kuma mu riba ce a gare mu. Har ma ya ba ni mafita ga kalmomi irin su scrivere, stare da sperare, waɗanda bakina yake so ya mayar "sikirivere". Ina jingina s ɗin da kalmar da ta gabata: devo scrivere sai in furta de-vos-kri-ve-re, io spero kuma i-os-pe-ro. Bayan 'yan makonni bakin ya saba, har ya iya fara kalmar ba tare da jingina ba.

Akwai kuma haruffa biyu ko uku da suke wakiltar sauti guda, ba a raba su: gn a so-gna-re, gli a vo-glio da sce-glie-re, sc kafin i ko e a la-scia-re da co-no-sce-re, ch da gh a cer-chia-mo da pa-ghia-mo. A nan harafin i yana yaudara. A mangio, faccio, comincio da lascio, ba a furta i ɗin ko kaɗan, aikinsa kawai ya nuna yadda za a karanta baƙin da ke bayansa. Da rubutun Hausa, mangio manjo ne, faccio kuma facco, da c ɗinmu ta ci da ciki. Gaɓa biyu biyu ne: MAN-gio, FAC-cio, LA-scio.

Wasula biyu a jere su ne suka fi cin lokaci, kuma a nan ne rabon gaɓa da nauyi suke cakuɗuwa. Idan i ko u marasa nauyi suka haɗu da wani wasali, tagwan wasali ne, gaɓa guda: vie-ni, sia-mo, par-lia-mo, a-vrei, par-lai. Puoi da vuoi ma gaɓa guda guda ne duk da wasula uku. Amma idan nauyi ya sauka a kan i ɗin, sai ya tsaya da ƙafarsa. Dubi studiare da inviare, karatu da aikawa. A ido kamar 'yan gida ɗaya. Amma "ina karatu" STU-dio ne, gaɓa biyu, "ina aikawa" kuwa in-VI-o, gaɓa uku. Haka lasciare yake ba da LA-scio, amma sciare, zamiya a kan dusar ƙanƙara, yake ba da SCI-o. Har rubutu yana bin wannan: tu studi da i guda, tu invii da i biyu, domin i mai nauyi ba ya ɓacewa. Ban san wata dabara ta gane wannan daga ganin kalma ba face ka ji ta ko ka duba ƙamus, amma masu irin halin inviare ba su da yawa, inviare, sciare, spiare da avviare su ne za ka fi haɗuwa da su.

Italiyawa suna da sunaye ga kalmomi gwargwadon wurin nauyinsu, kuma yana da kyau ka san su, don da su malami zai yi maka gyara. Mai nauyi a gaɓar ƙarshe tronca ce, yankakkiya. Mai nauyi a ta biyun ƙarshe piana ce, kuma su ne mafi yawa a harshen. Mai nauyi a ta ukun ƙarshe sdrucciola, daga fi'ilin da ke nufin zamewa a kan santsi, kuma sunan ya dace, don da ka danna gaɓar sai sauran su zame. Ta huɗun ƙarshe bisdrucciola, irin abitano ɗin da ta tsayar da ni a taga. Wannan ta huɗun kusan a fi'ili kaɗai ake samunta.

To, ga abin da na ɗauka shi ne ƙashin bayan zancen gaba ɗaya. A lokaci mai ci, nauyi gida biyu gare shi, ko a saiwar fi'ili ko a ɗafa-ƙeya, wato ƙarshen da ake liƙa wa saiwar. Da noi da voi, mu da ku, kullum yana kan ɗafa-ƙeya. Da io, tu, lui da loro, wato ni, kai, shi da su, yana kan saiwa, kuma a gaɓa guda ba ya motsi:

PAR-lo, PAR-li, PAR-la, par-LIA-mo, par-LA-te, PAR-la-no.

A-bi-to, A-bi-ti, A-bi-ta, a-bi-TIA-mo, a-bi-TA-te, A-bi-ta-no.

te-LE-fo-no, te-LE-fo-ni, te-LE-fo-na, te-le-fo-NIA-mo, te-le-fo-NA-te, te-LE-fo-na-no.

Kuskuren da kusan kowa a ajinmu ya yi, da ɗan Sin da ɗan Maroko da ni, shi ne a loro. Mun ji an ce yawancin kalmomi piana ne, sai muka riƙa cewa par-LA-no. Malamar ta gyara mana da magana guda: ka faɗi na "shi", ka bar nauyin inda yake, sannan ka ƙara wutsiya. PAR-la, sai PAR-la-no. PREN-de, sai PREN-do-no. DOR-me, sai DOR-mo-no. Wutsiyar ba ta jan nauyi zuwa kanta. Daga baya na zauna da littafina na bi wannan a sauran lokuta ɗaya bayan ɗaya, na tarar ko'ina haka yake: par-LA-va da par-LA-va-no, par-LÒ da par-LA-ro-no, par-le-RÀ da par-le-RAN-no, par-le-REB-be da par-le-REB-be-ro, par-LAS-se da par-LAS-se-ro, PAR-li da PAR-li-no. Har marasa bin ƙa'ida ba su kauce ba: PRE-se da PRE-se-ro, FE-ce da FE-ce-ro, PUÒ da POS-so-no, FU da FU-ro-no, SI-a da SI-a-no. Idan ka ƙirgo daga farkon kalma, gaɓar da ta ɗauki nauyi a "shi" ita ce take ɗauka a "su". Da za a ce in zaɓi abu guda da mai koyo zai riƙe daga wannan rubutu, shi zan zaɓa.

Masu ɗaukar -isc- sun fi kowa sauƙi, domin nauyin yana kan i ɗin -isc- duk inda ya bayyana: fi-NI-sco, fi-NI-sci, fi-NI-sce, fi-NIA-mo, fi-NI-te, fi-NI-sco-no. Haka capire, preferire, pulire. Ka dai tuna cewa sc kafin i ko e sh ce, kuma tsakanin wasula ana danna ta kamar mai ruɓi, finisshi.

Saura tambaya mai wuya: idan saiwar tana da gaɓa biyu ko uku, a wacce nauyin yake? Me ya sa A-bi-to amma la-VO-ro? Me ya sa OR-di-no amma cu-CI-no? Siffar da ke cikin ƙamus, infinito, ba za ta gaya maka ba, don abitare da lavorare duk -A-re suke ƙarewa. Abin da na fi dogara da shi shi ne sunan da yake ɗan'uwan fi'ilin. Il la-VO-ro aiki ne, don haka la-VO-ro, la-VO-ra-no. La cu-CI-na ɗakin girki, don haka cu-CI-no, cu-CI-na-no. Il cam-MI-no, don haka cam-MI-no. Amma l'OR-di-ne ya ba da OR-di-no, l'im-MA-gi-ne ya ba da im-MA-gi-no, il te-LE-fo-no ya ba da te-LE-fo-no, la VI-si-ta ta ba da VI-si-to, l'in-VI-to kuma ya ba da in-VI-to. Sau da yawa mutum ya riga ya san sunan kafin ya haɗu da fi'ilin, sai ya ɗauko nauyin daga can.

Wasu ƙarshen ma suna ba da haske. Masu ƙarewa da -ificare suna ja da baya: ve-RI-fi-co, mo-DI-fi-co, si-GNI-fi-ca. Yawancin masu -icare haka: di-MEN-ti-co, co-MU-ni-co, GIU-di-co, PRA-ti-co, sai dai faticare ya ƙi, fa-TI-co ne, kamar sunansa la fa-TI-ca. Masu -erare da yawa su ma: de-SI-de-ro, con-SI-de-ro, SU-pe-ro, LI-be-ro. Masu -itare sun rabu, ME-ri-to, DU-bi-to da E-vi-to a gefe guda, in-VI-to a ɗaya gefen. Kada ka ɗauki waɗannan a matsayin doka, alamun hanya ne kawai. Su kansu Italiyawa akwai inda suke saɓawa. Valutare, kimantawa, tsohon furucinsa va-LU-to ne, amma yau VA-lu-to ka fi ji a titi da talabijin, kuma ƙamusoshi sun karɓi duka biyun. Cibiyar Accademia della Crusca da ke Firenze, wadda take kula da harshen tun ƙarni na 16, tana amsa irin waɗannan tambayoyi da 'yan ƙasar da kansu suke aika mata.

Shi ya sa na canza yadda nake rubuta sabon fi'ili a littafina. Ba na rubuta dimenticare kaɗai. Ina rubuta dimenticare, di-MEN-ti-co, a layi guda, in ja layi ƙarƙashin gaɓar. Ƙamus mai kyau irin Zingarelli ko Treccani yana ba da siffar io da alamar nauyi a kanta daidai bayan kalmar. Akwai kuma ƙamus na musamman don rubutu da furuci, ana ce masa DOP, wanda gidan rediyo da talabijin na ƙasar, RAI, ya fara fitarwa a 1969, aikin Bruno Migliorini da Carlo Tagliavini da Piero Fiorelli. Shi nake komawa idan mutum biyu suka faɗa mini abu biyu.

Infinito kansa ba shi da rigima a -are da -ire, kullum par-LA-re, dor-MI-re. A -ere ne gida ya rabu. Mafi yawa sdrucciola ne: PREN-de-re, LEG-ge-re, SCRI-ve-re, MET-te-re, VI-ve-re, CRE-de-re, CHIU-de-re, co-NO-sce-re. 'Yan tsiraru ne suke da nauyi a kan -E-re, amma su ne waɗanda baki ba ya hutawa da su: a-VE-re, po-TE-re, vo-LE-re, do-VE-re, sa-PE-re, ve-DE-re, te-NE-re, ri-ma-NE-re, pia-CE-re, ca-DE-re, se-DE-re, te-ME-re, ta-CE-re. Asalin rabuwar daga Latin ne, inda ake da rukuni biyu, ɗaya mai dogon e, ɗaya mai gajere, Italiyanci ya haɗe su a rubutu ya bar bambancin a baki. Wasu ma sun sauya sheƙa a hanya: cadere da sapere gajeren e gare su a Latin, ridere, rispondere da muovere kuwa dogo gare su, yau ga su RI-de-re, ri-SPON-de-re, MUO-ve-re. Shawarata ka haddace 'yan tsirarun nan, tare da 'ya'yansu irin ottenere, mantenere da rivedere, duk wani -ere da ka tarar bayan su ka fara zaton sdrucciola ne. Ka yi hattara da persuadere, per-sua-DE-re ne, ko da yake za ka ji 'yan ƙasa da yawa suna ja da shi baya.

Wani abu da ya faranta mini rai lokacin da na gano shi: fi'ilan da ake ce mana "marasa ƙa'ida" da yawansu nauyi ne yake juya su. Dubi venire. VIE-ni, VIE-ne, amma ve-NIA-mo, ve-NI-te. Inda nauyi ya sauka a buɗaɗɗiyar gaɓar saiwa, e ya buɗe ya zama ie, inda ya tashi, ya koma e. Haka TIE-ni da te-NIA-mo, SIE-do da se-DIA-mo, MUO-io da mo-RIA-mo, VUO-le da vo-LE-te, PUÒ da po-TE-te. Uscire ma haka: E-sco, E-sci, E-sce, E-sco-no, amma u-SCIA-mo, u-SCI-te. Andare ya fi su nisa, har saiwar yake canzawa, VA-do, VAI, VA, VAN-no idan nauyi yana kan saiwa, an-DIA-mo da an-DA-te idan ya koma ɗafa-ƙeya. Da na ga haka, sai jerin da nake haddacewa da ƙyar ya zama abu mai dalili.

Yawancin sauran lokuta ba sa buƙatar dogon bayani, tunda nauyinsu yana kan ɗafa-ƙeya kusan ko da wane fi'ili ne. A imperfetto, lokacin da ke ba da labarin abin da aka saba yi a da, par-LA-vo, par-LA-vi, par-LA-va, sai ya matsa gaba a par-la-VA-mo da par-la-VA-te, ya dawo a par-LA-va-no. Matsawar nan ce ake mantawa, kada ka ce par-LA-va-mo. Haka e-ra-VA-mo, e-ra-VA-te, amma E-ra-no. A congiuntivo na baya kuwa, wato salon da ake faɗin fata ko shakka da shi, noi ba ya matsawa: par-LAS-si-mo, FOS-si-mo, a-VES-si-mo. Lokaci mai zuwa da na sharaɗi suna da tarko guda, kuma kunnenmu ya fi ƙarfinsa: par-le-RE-mo "za mu yi magana", par-le-REM-mo "da mun yi magana". Dogon wasali da m guda a na farko, gajeren wasali da m biyu a na biyu.

Passato remoto, shuɗaɗɗen lokacin da ya cika littattafai kuma har yanzu ake ji a bakin mutanen kudu da na Toskana, a masu bin ƙa'ida par-LAI, par-LA-sti, par-LÒ, par-LAM-mo, par-LA-ste, par-LA-ro-no ne. A marasa bi sai ya riƙa tsalle, ni da shi da su a kan saiwa, sauran a kan ɗafa-ƙeya: PRE-si, pren-DE-sti, PRE-se, pren-DEM-mo, pren-DE-ste, PRE-se-ro. Ga saiwar ma tana canza kama tare da nauyin, kamar dai a venire. SCRIS-si da scri-VE-sti, DIS-si da di-CE-sti, duk tafiyarsu ɗaya.

Ƙananan wakilan suna da ake liƙawa a bayan fi'ili, mi, ti, lo, la, ci, ne, gli, su ma wutsiya ce, ba sa jan nauyi. PAR-la, PAR-la-mi, PAR-la-me-ne. PREN-di, PREN-di-lo. DI-re, DIR-lo, DIR-glie-lo. an-DA-re, an-DAR-se-ne. PREN-de-re ya zama PREN-der-lo, ba pren-DER-lo ba. Komai tsawon jelar, nauyin yana inda ka same shi, har a kai ga OR-di-na-glie-lo, "yi masa odarsa", inda gaɓoɓi huɗu suke zamewa bayan ta farko. Umarni masu gaɓa guda, da', di', fa', sta' da va', suna ruɓa baƙin abin da aka liƙa musu: DAM-mi, DIM-mi, FAL-lo, VAT-te-ne. Gli ne kaɗai ba a ruɓawa a rubutu, DI-gli, FA-gli.

Ruɓin nan yana da alaƙa da wani abu da za ka ji daga Firenze zuwa Roma har kudu, ba ka cika jinsa a Milan ko Padova ba. Bayan kalma tronca, baƙin farkon kalmar gaba yana ruɓuwa a baki ko da ba a rubuta ba: andò via ana jinsa andovvia, è vero kuma evvero. Ba dole ka kwaikwaya ba idan a arewa kake zaune, amma yana tuna maka cewa wasalin ƙarshe mai nauyi gajere ne, a yanke shi ake yi. Parlò ba parloo ba ne. Mu da muka saba jan wasalin ƙarshe sai mun kula da wannan sosai.

A rubutu, alamar nauyi wajibi ce a kan tronca mai gaɓa biyu ko fiye: parlò, finì, sarà, andrò, da poté wanda alamarsa ta karkata ɗaya gefen kamar ta perché. A masu gaɓa guda, ana sa ta a è don a raba shi da e mai ma'anar "da", a dà "yana bayarwa" don a raba shi da da mai ma'anar "daga", da kuma può. Fa, sta, va, sa, so da fu ba sa ɗaukar komai, ko da ka ga wani ya sa musu a saƙon waya. Kada ka raina 'yar alamar nan, ita kaɗai ce tsakanin parlo "ina magana" da parlò "ya yi magana".

Ga yadda nake gwaji har yau idan wata kalma ta ƙi zama a bakina. Ba na farawa daga farkonta, daga gaɓa mai nauyi nake farawa. In ce LE, sannan LE-fo, sannan LE-fo-na-no da sauri, ina bugun cinyata sau ɗaya tak a kan LE. Sai ya zauna sannan in ɗora te a gaba a hankali, kamar ba na so a ji shi. Haka MEN-ti-ca-no kafin di-MEN-ti-ca-no, GNI-fi-ca-no kafin si-GNI-fi-ca-no. Bayan haka sai in ɗauki kalmomin da rubutunsu ɗaya ne nauyinsu daban, in sa kowacce a jimla, in ɗauki muryata a waya in saurara washegari. PER-do-no "suna yin asara" da per-DO-no "na yafe". LEG-ge-re "karantawa" da leg-GE-re "marasa nauyi", kamar kayan ɗauka. SU-bi-to "nan take" da su-BI-to "wanda aka sha", kamar wahala. CA-pi-ta-no "suna faruwa" da ca-pi-TA-no "kyaftin". Wadda malamar ta fi so ta ba mu ita ce capito, don fuska uku gare ta: CA-pi-to "nakan faɗo wuri", ca-PI-to "an gane", ca-pi-TÒ "ya faru". Takan sa mu faɗe su a jere sau biyar, zoben yana sauka a bugu na ɗaya, sannan na biyu, sannan na uku, idan wani ya kuskure sai a koma daga farko.